Ƙarar salansa daban, ƙarfin injin daban: jan hankali ga masu son sa wa mota heda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wata sabga da ta shiga ran matasa masu mota, wato cire manifol ɗin salansa na kamfani, ƙarfen da ke tattara hayaƙin silindoji ya kai shi salansa, a maye gurbinsa da jerin bututun da ake kira heda, wai don injin ya ƙara ƙarfi. Abin ba ƙarya ba ne, yana aiki. Sai dai yadda ake yin sa a garejojinmu, mafi yawan lokuta ƙara kawai mai mota yake saye, ƙarfin kuwa ya ragu, mai ya ƙara tafiya.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin bututun. Hayaƙi ba ya fita daga injin kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita. Injin mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana sakin bugu 100 a kowace daƙiƙa, kuma silindojin suna tashi ne a jere: 1, 3, 4, 2. Tsakanin bugu da bugu digiri 180 ne na juyin karanshaf, amma bawul ɗin hayaƙi yakan zauna a buɗe digiri 220 zuwa 240. Ma'ana, kafin silinda ta 1 ta gama rufe nata, ta 3 ta riga ta buɗe da dukan ƙarfinta. Idan manifol gajere ne kuma duk ramukan sun haɗu wuri guda, bugun ta 3 sai ya tura ƙonannen hayaƙi ya koma cikin ta 1. Wurin da hayaƙin nan ya tare, iska da mai ne ya kamata su shiga.

Duk wanda ya taɓa ganin mata suna lugude ya ga aikin heda. Turmi ɗaya, taɓarya uku, amma ba sa karo saboda kowace ta san lokacin saukarta. Heda tana ba kowace silinda nata bututun, mai tsawo daidai da na 'yan'uwanta, don bugu ya isa mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma ƙari a kan haka. Bugun da ke gudu a cikin bututu yana barin zuƙa a bayansa, kamar yadda tirela ke wucewa da gudu ta kwashi leda da ƙura su bi ta. Idan zuƙar nan ta iso bakin bawul daidai ɗan lokacin da bawul na hayaƙi da na iska suke buɗe tare, sai ta share silindar ta kuma jawo sabuwar iska. Wannan shi ne dukan sirrin. Kamfanin Mazda ma dogon manifol mai tsarin 4-2-1 ya sa wa injinansa na Skyactiv-G don ya rage ragowar hayaƙi mai zafi a silinda, abin da ya taimaka masa ya kai matsin injin har 14:1 ba tare da injin yana ƙwanƙwasa ba.

Daga nan ne kuskure biyu suke fitowa, kuma suna kishiyantar juna. Wani bakanike zai ce maka injin yana buƙatar a ɗan toshe shi don ya yi ƙarfi. Wani kuma zai ce a buɗe komai, a sa bututu mai faɗin inci uku. Dukansu sun kauce. Injin ba ya son toshewa ko kaɗan, abin da yake so shi ne hayaƙi ya yi gudu, kuma hayaƙi ba ya gudu a bututun da ya fi ƙarfinsa. Dubi lissafin: bututu mai milimita 38 da mai milimita 44.5, a ido bambancinsu bai taka kara ya karya ba, amma girman filin cikin na biyun ya fi na farko da kusan kashi 40 cikin 100. Gudun hayaƙi ya faɗi da fiye da rubu'i ke nan. Sai motar ta mutu a ƙasan juyi, ka taka totur daga danja ta yi ta gurnani ba ta tafiya.

Kafin kowa ya tafi Ƙofar Ruwa ko Fanteka ko Apo neman heda, ko ya yi odarta daga waje, ya fara buɗe bonet ya ga ko injinsa ma yana karɓar ta. Misalin Honda Accord ya isa. Ta 2003 zuwa 2007 mai silinda huɗu, wadda ake wa laƙabi da EOD (ta 2006 da 2007 kuma DC), manifol ɗinta daban yake, yana bayan injin ta ɓangaren da ke kallon cikin mota, ana kwance shi, kuma tukunyar tace hayaƙi tana can ƙarƙashin mota. Wannan tana karɓar heda ba tare da an taɓa tukunyar ba. Amma ta 2008 zuwa 2012, wadda wasu ke kira Anakonda, kamfani ya zuba manifol ɗin a cikin tof silinda, wato kan injin, tun wajen ƙira. Rami ɗaya tak ne yake fitowa, tukunyar kuma a bakinsa aka ɗaure ta. Babu inda za a ɗaura bututu huɗu. Haka EOD mai silinda shida take, haka Civic ta 2006 zuwa 2011 mai injin lita 1.8. Duk wanda ya sayar maka da “heda” ta waɗannan motoci, bututun cire tukunya kawai ya sayar maka. Camry Muscle ta 2007 mai injin 2AZ-FE kuwa tana da manifol da ake kwancewa a gaban injin, amma tukunyar tana haɗe da shi, don haka sa doguwar heda yana nufin sai an nemo wata tukunyar an dasa ta a ƙasa. Mota mai tabo (turbo), wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa injin ƙarin iska, lissafinta daban ne gaba ɗaya, abin da ke bayan tabon ne ke riƙe ta.

Sai tambayar da masu sayarwa ba sa so: doki nawa za a samu? Injin EOD na 2003 zuwa 2005, mai cc 2,354, ƙarfin doki 160 yake bayarwa a juyi 5,500. A irin wannan injin da ba a taɓa komai nasa ba, wanda heda kaɗai ta ƙara wa doki biyar zuwa goma ya gode wa Allah, kuma mafi yawansu a saman juyi suke. To motar da ke da giya otomatik, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, allurar juyinta tana yawo ne tsakanin 2,000 da 3,000. Sau nawa a mako mai ita yake kai ta 5,500? A ƙara da wannan: injin da ba shi da tabo yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau sama da teku. Kano tana kusan mita 480, Jos kusan mita 1,200. Wato tudun Kano kaɗai ya ci kusan abin da heda za ta bayar, na Jos kuwa ya ci ninki biyunsa. Ba don in kashe wa kowa gwiwa na kawo wannan ba, sai don a san girman abin da ake saye.

Kuma motocinmu da yawa dokin da suka zo da shi ma ya ɓace a hanya. Fitilar cek injin tana kunne shekara biyu, fulogi ya cinye, matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, birki yana riƙe ƙafa ɗaya. A fara da waɗannan. A auna kamfireshan, kada bambanci tsakanin silindoji ya wuce kashi 10 cikin 100. A cire sensar iskar oksijin ta gaba a ɗaura agogon matsi a raminta: idan a juyi 2,500 ya haura psi 3, akwai toshewa a tukunya ko a salansar baya, kuma gyara wannan kaɗai yakan dawo da fiye da abin da heda za ta ƙara.

Wanda ya bi duk wannan ya ga har yanzu yana so, ga yadda ake zaɓe. Tsari biyu ne. Mai 4-1 yana haɗe bututu huɗun a mahaɗa ɗaya, yana ba da ƙarfi a saman juyi, na filin tsere ne. Mai 4-2-1 yana fara haɗa silinda ta 1 da ta 4, ta 2 da ta 3, sannan biyun su zama ɗaya. An zaɓi haɗin haka ne don tsakanin 1 da 4 akwai digiri 360 cur, ba za su yi karo ba. Ga motar yau da kullum, musamman otomatik, 4-2-1 ce ta dace, saboda tana cika tsakiyar juyi inda ake tuƙi. Idan ka ga heda ta gida an haɗa 1 da 2, 3 da 4 saboda sun fi kusa da juna, ajiye ta, mai waldar sauƙin aikinsa ya duba. Ga injin lita 1.6 zuwa 1.8, bututun farko na milimita 38 ya isa. Ga lita 2.0 zuwa 2.4, milimita 41, ko 44.5 idan an canza kamshaf ana kuma hawa sama da juyi 6,000. Sauran salansar zuwa baya kada ta wuce milimita 57 zuwa 63.

Tsawo ma yana da lissafin da masu haɗa injinan tsere suke fara aiki da shi, na tsarin 4-1. Ka ɗauki digirin da bawul ɗin hayaƙi ke buɗewa kafin fistin ya kai ƙasa, ka tara da 180, ka ninka da 850, ka raba da juyin da kake so ƙarfin ya fito, ka cire 3. Amsar inci ce. Idan bawul yana buɗewa a digiri 50, a juyi 6,500 za ka samu inci 27, kusan santimita 69. A juyi 5,000 kuwa inci 36, kusan santimita 92. Ka ga ke nan ƙasan juyi dogon bututu yake so. Gajeriyar heda mai santimita 25 da ake sayarwa da arha ado ce, ƙyalli kawai take ƙara wa injin.

Ƙarfen da aka yi ta da shi shi zai nuna ko za ta kai baɗi. Hayaƙin injin fetur yana kai digiri 700 zuwa 900 idan ana jan kaya ko hawan tudu. Silba mara tsatsa mai lamba 304, kaurin milimita 1.5, ita ce daidai. Mai lamba 409 tana yin ja a waje amma tana jure zafi, kamfanoni ma da ita suke aiki. Gwajin maganaɗisu da ake yi a kasuwa bai isa hujja ba, domin mai lamba 201, wadda ta fi arha ta kuma fi saurin lalacewa, ita ma ba ta kama shi sosai. Farantin da ke manne da tof silinda kada kaurinsa ya gaza milimita 10. Mai milimita 6 zafi zai lanƙwasa shi, ya ƙone gaskit tsakanin silinda ta 2 da ta 3. A ɗora masa rula ta ƙarfe a ɗaga wajen haske tun a shago. In haske ya ratsa, a kai a goge shi a mashin kafin a ɗaura. A leƙa cikin bututun da tocila. Waldar silba da aka yi ba tare da an cika cikin da iskar agon ba takan bar ƙuraje baƙi-baƙi kamar ƙonannen sukari, kuma daga nan tsagewa take farawa. Lanƙwasar ma a duba ta: wadda aka matse da jak ta shaƙe a gwiwa ta cinye faɗin da aka saya. Bututun ruwa mai rufin zinki kuwa bai halatta a kusanto da shi ba, hayaƙin da yake yi a wuta guba ne ga mai walda.

Yanzu ɗaurawa. Injin ya kwana ya huce. Tun dare a fesa wa notocin manifol da sensa man warware tsatsa. A cire kan batir na nagatif, a ɗaga mota a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ko bulo ba. A zare soket ɗin sensa kafin a fara juya ta, in ba haka ba wayar ta murɗe ta tsinke a ciki. Sufanarta lamba 22 ce. Notocin manifol a kama su da soket mai kusurwa shida, a sassauta kaɗan, a mayar kaɗan, a ƙara mai, a sake. Gaggawa a nan ita ke karya kusa a cikin tof silinda. Idan ta karye ta bar ɗan kai, a ɗora noti a kanta a cika shi da walda, zafin yakan sake ta ta fito. Huda ta da dirila a tsaye da hannu shi ne mafi haɗari, saboda tof ɗin alminiyam ne, dirilar tana zamewa daga ƙarfe ta faɗa cikin taushi, wani lokaci har hanyar ruwa. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

A kankare fuskar tof ɗin har ta yi sumul ba tare da an yi mata rauni ba. Gaskit sabo, na ƙarfe mai falle-falle, a bushe. Kada a shafa gam ɗin silikon, ba ya jure zafin wurin, kuma tururin wasu irinsa yana kashe sensa. A sa duk notocin da hannu tukuna, a haɗa ƙasan a sake, sai komai ya zauna ba tare da an ja shi da ƙarfi ba sannan a fara ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe, a zagaye biyu ko uku. Kusa mai milimita 8 ƙarfin ɗauri wajen Nm 25 take so, mai milimita 10 wajen 40 zuwa 45, gwargwadon littafin injin, da sufana mai awo. Heda da aka ɗaure a kan tilas, ko yau ko gobe sai ta tsage a mahaɗa.

Abu biyu ake yawan watsarwa. Na farko shi ne bututun nan mai saƙa da ke lanƙwasawa. Injin da ke kwance a gicciye yana rausayawa gaba da baya duk lokacin da aka taka ko aka saki totur, kuma saƙar ce ke shanye wannan motsi. Aka cire ta aka yi walda ɗoɗar, ko aka bar robobin da injin ke zaune a kai sun mutu, to hedar ce za ta karye. Na biyu tazara. A bar aƙalla inci ɗaya tsakanin bututu da duk wata waya, tiyo, robar sitiyari ko robar shaf, a kuma mayar da garkuwar zafi ko a ƙera wata. Siririyar silba tana watsa zafi fiye da manifol mai rufi, kuma duk digiri shida da iskar shiga injin ta ƙara ɗumi, kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfi ya tafi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda inuwa ma ke haura digiri 40, heda tsirara tana iya mayar da rabin abin da ta bayar. Naɗe ta da ƙyallen zafi yana taimakawa, amma yana riƙe ruwa da damina ya ci baƙin ƙarfe, kuma idan baƙin mai ya ɗiga ya jiƙa shi, wuta ce ke jira. A duba ƙasa ma: mahaɗar doguwar heda takan sauko ƙasa da inda na kamfani yake, tudun rage gudu na unguwa kuwa ba ya tausayi.

Sensa ta gaba dole ta zauna bayan inda bututu huɗun suka haɗu, don ta shaƙi hayaƙin dukan silindoji. Zaren raminta M18 ne mai tazarar 1.5. A dasa ramin ta sama ko ta gefe, bakin sensar ya ɗan karkata ƙasa da aƙalla digiri 10, don raɓar da ke taruwa da safe kada ta kwanta a cikinta ta fasa ta. Idan waya ta gaza, a nemi ƙarin waya mai soket. Yanke wayar sensar a yi mata dalma yana ɓata karatunta.

Sai maganar da ta fi damuna, Malam Edita, wato fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi. Akwai falatinam da faladiyam da rodiyam a cikinta, shi ya sa take da masu saye, shi ya sa kuma ake saurin ce wa mai mota ta toshe. Lafiyayyar tukunya abin da take ci na ƙarfi kaɗan ne. Wadda aka fashe cikinta aka bar kwanko, hayaƙi yana shiga fili ya rikice, motar ta yi ƙara kamar gwangwani, birenbos, wato kwamfutar injin, ya kunna fitilar cek injin da lambar matsala P0420, kuma da zarar fitilar ta zauna a kunne, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba mai sani. Iskar da ke fita kuwa 'yan talla da 'yan makaranta da ke bakin titi ne ke shaƙa. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da ƙa'idar hayaƙin motoci tun 2011. Idan heda ta kori tukunya daga wurinta, a sayo wata a dasa kusa da mahaɗa iya yiwuwa, domin sai ta kai wajen digiri 300 take fara aiki, sannan sensa ta biyu ta koma bayanta.

Bayan an gama, a goge bututun da fetur ko sipirit kafin a tayar, in ba haka ba shatin yatsu zai gasu a jikinsa har abada. Ɗan hayaƙin mintuna na farko man ƙira ne ke ƙonewa. A saurari injin yana sanyi: ƙas-ƙas da ke raguwa idan ya ɗumama yoyo ne a gaskit, baƙin toka a gefen faranti kuma shi ne shaidarsa. Yoyo a gaban sensa yana zuƙo iskar waje tsakanin bugu da bugu, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, birenbos ya ƙara zubawa, sai ga lambar matsala P0171 da shan mai, a wannan zamani da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace lita ake ƙirgawa. A EOD, da yake manifol yana bayan injin kusa da mashigar iskar ciki, yoyon yana iya shigo da iskar kabon monoksaid cikin mota, wadda ba ta da wari. A sa na'urar OBD2 mai karanta birenbos a duba gyaran mai na dogon zango, wato yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa, ya tsaya cikin kashi 10 sama ko ƙasa. Bayan injin ya yi zafi ya huce sau uku ko huɗu, a sake bin notocin yana sanyi. Cikakken amfanin hedar ba ya fitowa sai an daidaita birenbos, domin a cikakken totur yawancin motocin nan ba sa bin sensa, teburin da kamfani ya rubuta don tsohon manifol suke bi.

Kunne kuwa ba ma'auni ba ne, duk motar da ta ƙara ƙara sai mai ita ya ji kamar ta ƙara gudu. Wanda ba shi da inda zai hau na'urar awon ƙarfi, ya nemi miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso, ya riƙe giya ɗaya, wani na gefensa ya ɗauki lokaci daga kilomita 60 zuwa 100, sau uku zuwa sau uku dawowa, da sassafe, da mai daidai a tanki. A yi haka kafin aiki, a maimaita bayansa. Tsohon manifol ɗin kuma a ɗaure shi a buhu da garkuwarsa da notocinsa a ajiye a gida, kada a bar wa 'yan gwangwan, domin idan agogo ya nuna an ci baya, ko aka tashi sayar da motar, shi za a nema.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai gyaran salansa,
Kano.